Takwas da Tara

Ranar da aka buɗe ajin koyon Turancin neman aiki, Auta ta zo a makare. Kujera ɗaya ta rage, kusa da wani dogon saurayi da ƙafafunsa suka ƙi shiga ƙarƙashin tebur. Ajin a saman wani shagon buga takardu yake, da fanka ɗaya mai ƙara, da mutum goma sha shida waɗanda duk takalmansu suka suɗe a yawon kai takardu ofis-ofis.

Malama ta raba musu fom. "Kafin mu taɓa Turanci, kowa ya auna basirarsa. Me ka taɓa ƙirƙira da kanka? Ba kanka maki daga ɗaya zuwa goma. Masu ɗaukar aiki suna son wannan tambayar."

Auta ba ta ɓata lokaci ba, ta rubuta uku.

"Wa ya ɗinka jakar nan?" in ji dogon a hankali. Jaka ce da ta haɗa da tsohon wandon jins da igiyar labule.

"Ni ce."

"To ukun nan ƙarya ce." Ya miƙo koren bironsa ya rufe bakin ukun, ta koma takwas.

Ta galla masa harara, amma murmushi ya ci amanarta. Tun daga ranar ya sa mata suna Takwas. Ita kuwa Dogo take ce masa kamar kowa, sai dai nata kiran daban yake fita.

Zanen allunan shaguna yake yi a rumfar kawunsa, yau da aiki gobe babu. Kafin wata ya zagayo, wayar Auta ta daina hutawa.

"Takwas ɗina, yau na zana wa mai kanti allo, sai da na gama na ga kalar mayafinki na yi amfani da ita. Ki ji tausayina ki riƙa sauya mayafi, kar shagunan layin nan su zama kala ɗaya."

Da zancen ya isa kunnen Abba, sai ya sauke tabarau ya dube ta. Tsohon direba ne, ba ya kwana-kwana a magana.

"Auta, ni ban ƙi yaron ba, yana da ladabi. Amma ladabi ba ya ɗora tukunya. Wata nawa ya rage a ajin naku?"

"Biyu, Abba."

"To na ba shi biyun. In ya kawo takardar ɗaukar aiki, bismilla. In babu, kowa ya kama gabansa, kuma kar in ji kuka."

Ana cikin haka Malama ta sauya abokan gwaji, kamar yadda take yi duk bayan sati biyu. Dokarta ita ce kowa ya yi atisayen intabiyu da abokinsa, a ƙarshe ya ba shi makin basira a fom ɗinsa. Dogo ya faɗa hannun wata da 'yan aji suka sa wa suna Baturiya, saboda Turanci a bakinta kamar an buɗe famfo. Ga ta fara, ga ƙamshi, ga dariyar da take yi har da karkata kai.

Auta ta fara lura. In an tashi, Dogo sai ya ce ta yi gaba, yana da ɗan abin da zai ƙarasa. Sati biyun suka cika, aka sake sauyi, amma zamansa da Baturiya bayan aji bai tsaya ba. Ita da ta roƙe shi sau uku su yi atisaye tare, kullum sai ya kawo uzuri.

Rannan Malama ta sa ta tattara fom. Na Baturiya ne a sama. A gefen sunanta, da koren biron nan da Auta za ta gane ko a cikin dubu, an rubuta tara.

Tara! A cikin motar komawa gida ta rubuta masa:

"Ina taya ka murnar samun Tara. Mu 'yan takwas mun ja gefe. Allah ya bar ku tare."

"Autata, hasken idona, me ya yi zafi haka? Ɗauki wayar in yi miki bayani. Wallahi ba abin da kike zato ba ne."

Ba ta ɗauka ba. Kwana tara ba ta ɗauka ba, da gangan ta ƙirga.

"Ke dai kin shiga uku," in ji Yayarta tana ninke kaya. "An ce kishi kumallon mata, amma naki har da lissafi. Maki ɗaya fa, Auta!"

"Yaya, ba za ki gane ba. Da bironsa fa ya rubuta."

"Da ƙafarsa kike so ya rubuta?"

A satin ƙarshe Malama ta gayyato manajan wani kamfanin talla ya kalli intabiyun gwaji. Mutum ɗaya suke nema a sashen zane. Aka jefa ƙuri'a a kan wa zai tambayi wa, sai ga sunan Dogo a hannun Auta.

Ya zauna gabanta cikin farar riga, wuyan ya sha guga. Baturiya ta ɗaga masa babban yatsa daga baya, Auta kuwa ta gani. Nan take ta kife takardar tambayoyin da Malama ta ba ta. Cikin Turanci mai sanyi, irin na ofis, ta ce:

"A fom ɗin auna basira ka ba wata tara, ka ba wata takwas. Yi wa kwamitin nan bayanin ma'aunin da ka bi."

Dogo ya buɗe baki, kalma biyu suka fito suka sarƙe. Gumi ya keto masa. Manaja ya dubi agogo, ya ɗauki biro ya fara rubutu.

Sai a lokacin hankalinta ya dawo jikinta. Kwana huɗu suka rage a wa'adin Abba, kuma ga shi da hannunta tana rufe ƙofar da ita ce ta ƙarshe. Tsoro ya kama ta, nadama ta rufe ta. Ba ta san sanda ta ɗora jakar nan a kan tebur ba, ta ce, "Kar ka yi sauri. Muna jira."

Ya dubi jakar. Ya ja numfashi, ya fara, Turancin yana ɗingishi amma yana tafiya.

"Wadda na ba tara, sati biyu na yi ina kallon aikinta, kuma abin da na gani ke nan. Wadda na ba takwas, jaka ɗaya na gani, cikin minti ɗaya, ko sunanta ban sani ba. Ita uku ta ba kanta. A wurin aiki, masu raina kansu ake fara asara, don ba sa ɗaga hannu."

Manaja ya ajiye biro. "Yau nawa za ka ba ta?"

"Yau ba zan iya ba, ranka ya daɗe. Doka ta hana mutum auna abin da yake da son rai a ciki. In kun ɗauke ni, aurenta zan yi."

Aji ya kece da dariya da tafi. Auta ta rufe fuska da mayafi.

A bakin matakala ta tare shi, idonta jawur. "To zaman bayan ajin fa?"

Ya sunkuyar da kai. "Turancina ya fi na kowa lalacewa, Takwas, shi ne Baturiya take koya mini. Kowa na iya yi mini dariya in daure. Ke ce ba zan iya ba."

Baturiya ta zo wucewa, ta tsaya. "'Yar'uwa, ni ma da farko na ɗan sa rai, ba zan ɓoye miki ba. Amma duk jimlar da na ba shi ya haɗa, sai ki faɗo a ciki. Karɓi kayanki, na gaji."

Takardar ɗaukar aikin ta iso ana gobe wa'adi zai cika. Abba ya sa tabarau ya karanta ta sau biyu, duk da rabin Turancin ya fi ƙarfinsa, sannan ya ce, "Ka cika alkawari, ni ma zan cika nawa. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari."

Safiyar ɗaurin aure, gida cike da hayaniya, saƙonsa ya shigo:

"Amaryata, yau dai nawa kika ba kanki?"

Ta ciro tsohon fom ɗin daga aljihun jakar, ta daɗe tana kallon koriyar takwas ɗin, sannan ta amsa:

"Goma, Dogona, kuma da hannuna na rubuta. Amma koren biron nan, daga yau a jakata zai riƙa kwana."

Haka kuwa aka yi. Allah ya bar su tare, ya sa biron ya ƙare a kan sunayen 'ya'yansu.