Akwati Marar Huda

Da safiyar Litinin Manga, mai ba da hayar lasifika a unguwar Sarkin Dawaki, ya buɗe shago ya tarar da akwatin amfilifayarsa, na'urar ƙara sauti, wayam. An kwashe kayan ciki, an bar masa katako. Kwaɗon ƙofa kuwa lafiya lau.

Kafin Saje Tobias na 'yan sanda ya karɓi binciken, Manga ya riga ya sa an kulle Timoti, mai gyaran rediyon da ya haɗa na'urar.

Saje ya juya akwatin. Bayansa duk huda ne, cikinsa an shimfiɗe da gwangwanin madara.

"Waɗannan na mene ne?" ya tambayi Timoti a sel.

"Hudar don ta sha iska, Oga. Gwangwanin yana hana tashar rediyo shiga. Ni zan sace ta in bar akwatin? Kuma an ce mutane suna kwashe rediyoyinsu daga shagona."

Sajo, maigadin shagon, ya fita zargi, tun Juma'a yana garin Iware wajen jana'iza. Daga nan Saje ya koma kasa kunne.

Ran Asabar aka yi biki a Abbare. Ana tsakiyar kiɗa lasifika ta fara karanto labarun rediyo, can ta yi ƙauri ta mutu. Da labari ya iske Saje, ya je ya ga akwatin amfilifayar bikin: sabo, na maɗaci, sumul, ba huda, ba gwangwani.

"Wa ya ba ka?"

"Usaini kafinta, haya," in ji mai kiɗan.

Usaini ƙanin Manga ne, yana da makullin shagon.

A ofis, gaban Manga da Usaini, Saje ya ce, "Ɓarawon ya ji tsoron a gane akwatin, sai ya yi sabo. Mai gyaran rediyo ba zai toshe shi ba. Kafinta ne ke ganin huda aibi ce."

Usaini ya sunkuyar da kai gaban yayansa. "Hamma, aro na yi."

Manga ya ce, "Saje, a bar maganar. Ta gida ce."

"Timoti fa? Tun Litinin yana sel."

"Ai sai a sake shi."

Aka fito da Timoti. Yana sa takalmi Manga ya matso, ba ko sannu.

"Timoti, ta ƙone fa. Yaushe za ka duba ta?"

Timoti bai ɗago ba. "A kai wa kafinta."