Banɗakin da Sakinatu Ta Roƙa

Bayan la'asar ne, a ƙarƙashin rumfar gidansu da ke wani ƙauye kusa da Managil a ƙasar Sudan, Sakinatu ta zuba wa mijinta Ƙasimu gahawa, ta zauna a bakin tabarma tana murza yatsunta.

"Maigida, ina da roƙo."

Ƙasimu ya yi murmushi. Tun da ya ɗauko ta daga birnin Wad Madani bara, ko zoben azurfa ba ta taɓa nema ba.

"Faɗi, ko mi ne ne."

"Banɗakin nan nake so a rushe. A zuba siminti, a shimfiɗa balaɗ a ƙasa, irin tayil ɗin da ake jerawa a gidajen birni, a gina dakali a ciki, a kafa ƙarfen dafawa a bango."

Ya ajiye finjali. "Balaɗ? A wanga ƙauye? Kin san kuɗin audugata na bana na yi wa Yaya Yakubu alkawarinsu, za mu shiga tarayyar lori."

"Na sani."

"To don mi?"

Ta ɗago ta dube shi ido cikin ido. "Akwai dalili, amma ba ni da izinin faɗinsa. Ka yarda da ni kawai."

Dalilin kuwa shi ne uwarsa, Inna Habi. A makon da ya wuce, maza na can gona, Sakinatu ta ji ƙara daga bayan gida. Ta ruga ta tarar da tsohuwar kwance cikin taɓo, santsi ya kwashe ta, ta kasa tashi. Ta ɗaga ta, ta wanke ta, ta gasa mata ƙugu da ruwan zafi. Inna, wadda a ƙuruciyarta ta tako da ƙafa tun daga ƙasar Sakkwato, ta riƙe hannunta tana hawaye.

"Ki rantse ba ki gaya wa 'ya'yana. Ba ni son su mai da ni abin tausai."

Sakinatu ta rantse. Tun daga ranar Inna take tsoron wanka, sai dai ta shafa ruwa a ɗaki.

Ƙasimu ya daɗe yana kallon matarsa, bai ga alamar son zuciya a fuskarta ba. Washegari ya hau bas zuwa Managil, ya zo da Usɗa Abdussalami, magini. Usɗa ya auna wurin da igiya, ya ce da siminti, da balaɗ, da ƙarfe, da kuɗin hannu, sai jine sittin, wato fam sittin. Kusan duk rabon Ƙasimu ke nan! Sakinatu ta ce daga bayan ƙofa a kawo balaɗ mai kaushi, ba mai sheƙi ba.

"Mai sheƙin ya fi kyau, 'yata."

"Ba kyau nake nema ba, Usɗa."

Ranar da keken jaki ya sauke kaya a ƙofar gida, Yakubu ya shigo kamar zai ci babu.

"Ƙasimu! Haukacewa ka yi? Lorin da zai ci da gidan nan gaba ka zuba wa wurin wanka? 'Yar birni ta shanye ka!"

"Yaya, ka yi haƙuri. Lori ba zai ƙare a duniya ba."

Magana ta cika ƙauye. Mata a bakin tur'a, inda ake ɗiban ruwa, suna ganin Sakinatu sai su kece da dariya: "Ga uwar ɗakin balaɗ nan tafe!" Takan dawo ta yi kukanta a madafa, ta share fuska, ta kai wa Inna abinci. Inna na jin komai, amma kunya ta rufe mata baki.

Da aiki ya kai rabi, Yakubu ya tara dangi a tsakar gida bayan sallar Juma'a.

"Na rasa gurbina a lorin, wani ya shiga," ya ce. "Ko dai yarinyar nan ta koma gidan ubanta, ko mu raba gona, kowa ya kama gabansa. Halas, magana ta ƙare!"

Ƙasimu ya miƙe a natse.

"Yaya, kai ne babba, ba zan ɗaga maka murya ba. Amma matata ba ta zuwa ko'ina. Ban san dalilinta ba har yau, halinta na sani, ya kuma ishe ni."

"Ke kuma ba ki da baki?" Yakubu ya daka wa Sakinatu tsawa.

Hawaye na bin kumatunta, ta girgiza kai. A lokacin ne aka ji ƙarar sanda. Inna Habi ta fito tana ɗingishi.

"Yakubu, zamna! Kai da kake ganin asarar lori, ka taɓa tambayar abin da ya sa nake ɗingishi? Faɗuwa na yi cikin taɓon nan. Wagga yarinya ta ɗauke ni kamar jinjira, na sa ta rantsuwa, ta haɗiye zaginku saboda ni. Dakalin nawa ne, ƙarfen nawa ne!"

Yakubu ya durƙusa gaban uwarsa, sannan ya juya ga Sakinatu, idonsa jawur.

"Ƙanwata, ki yafe mini."

"Ba komai, Yaya. Uwarmu ce duka."

Shi da kansa ya riƙa kwaɓa wa Usɗa siminti har aka gama, kuma da shekara ta zagayo auduga ta yi kyau, 'yan'uwan suka sami wani lorin suka shiga tare. Ranar da Inna ta fara wanka a zaune bisa dakalinta, ta fito fes tana sa wa surukarta albarka da ƙarfi, har maƙwabta suka jiyo.

Sakinatu ta riƙe amana, Ƙasimu ya riƙe yarda, Allah kuwa bai bar su sun kunyata ba. Wanda ka san halinsa na gari, kada surutun mutane ya sa ka sake shi.