Wayar Bara'atu a Motar Munzali

A tashar Birnin Gwari Munzali ya fara ganin Bara'atu, a kakar da aka ɗauke sabis ɗin waya saboda ɓarayin daji. Lokacin nan duk mai son saƙo sai ya ba direban Kaduna wayarsa. In mota ta kai inda sabis yake, abin da ka rubuta ya tafi, wanda aka aiko maka ya shigo, washegari a dawo maka da ita. Munzali a tsohon bokitin fenti yake tara su, ƙarƙashin kujerarsa.

Ta miƙa masa tata, amma ba ta sake ta ba.

"Malam direba, ka kula min da ita. Raina yana ciki."

Ya ce, "To ke da me za ki zauna kafin in dawo?"

Ta harare shi, ta tafi. Tun daga ranar yake ce mata Mai Waya.

Ya san saƙon wa yake ɗauko mata. Abdulsamad ne, mai shago a Kaduna, wanda sau ɗaya ya taɓa zuwa zance. A gaban motar take tsayawa ta karanta.

"Zumata, tunaninki ya hana ni cin abinci. Ki bar dajin nan ki zo inda ake rayuwa. Turo hoto."

Munzali yakan juya ya kama goge gilashi. Amma in ya samo biredi mai laushi, da ledarsa yake haɗa mata wayar. Sannu a hankali ta fara daɗewa a tashar fiye da yadda karatun saƙo yake buƙata.

Da kawun Munzali ya zo nema masa aurenta, Inna Furera, mahaifiyarta, daga bayan ƙyaure ta ba da amsa. A hanyar Kaduna aka kashe mijinta bara, yana dawowa daga sayar da masara.

"Ba ni da abin faɗa a kan yaron. Amma hanyar da ta cinye min miji ba za ta mai da 'yata bazawara ba. Ta tafi birni ta huta."

Bara'atu ba ta yi musu ba. Ta gaji, kowa ma ya gaji.

Sai wata Laraba motar Munzali ta tafi da wayarta ba ta dawo ba. Aka ce hanya ta ɓaci. Babu wanda za a kira, babu abin kiran.

Da farko hannunta kullum yana cikin hijabi, yana laluben abin da ba ya nan. Daga baya ya haƙura. Takan zauna a gindin dalbejiya tana ɓarar masara, ba abin da take ji sai kurciya da kuma bugun zuciyarta. A nan ta lura Inna tana daɗewa a sujada, kafaɗunta na rawa. A nan ta tuna cewa ko ranar sadakar ukun Baba, kanta a sunkuye yake kan waya tana amsa gaisuwa. Ta kife fuska a kwando ta yi kukan da ta shekara tana ɗagawa.

Ta nemi muryar Abdulsamad a ranta, ba ta same ta ba. Amma ko hon ɗin wace mota ta ji, sai ta miƙe.

Da aka buɗe hanya, Munzali ya yi sallama a ƙofar gida, ya rame, idanunsa sun yi ja. A gefen titi suka yi ta kwana suna jiran rakiyar sojoji.

"Mai Waya, ga amanarki. Sai ƙara take min a bokiti."

Ba ta karɓa ba. Ta ce, "Ka ci abinci?"

Ya ce, "In kin ba ni, zan ci."

Sai da ya cinye tuwon sannan ta duba.

"Zumata, wannan shirun fa? In kin samu wani ki faɗa min. Har yanzu ban ga hoto ba."

Duk saƙonnin, babu inda ya tambayi ko suna lafiya.

Ta sami Inna tana tankaɗe, ta durƙusa.

"Inna, jiran da kike gudar min, na riga na yi shi. Na san nauyinsa. Ko kin kai ni Kaduna, Munzali zan riƙa jira, sai dai a gidan wani."

Inna ta ci gaba da kaɗa rariya har garin ya ƙare. Ta share ido da gefen zane.

"Ki ce ya dawo da kawun nasa. Kuma ya daina tashin yamma."

Bayan an kai dawa rumbu aka ɗaura aure a ƙofar gida. Babu kiɗa, mutane ma ba yawa, wasu sun yi hijira, wasu suna ƙasa. Da aka zo ɗaukar amarya, Inna ta kama hannun Munzali ta ce, "Ka riƙa dawowa, ɗana."

Ya ce, "Da yardar Allah, Inna."

Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka, ya tsare masa hanya, ya jiƙan waɗanda ba su ga ranar ba.