Shanyar Saman Soro

Kwando shida na tumatur ne jere a tsakar gida, na ƙasa har sun fara tsatsafar da ruwa, ƙudaje na bi. Raliya ta tsaya a kansu riƙe da ƙugu kamar ta yi kuka. Mahaifinta ne ya aiko su daga Tozai da sassafe. Tun da aka rufe boda kasuwa ta karye, manoma na zubar da kaya a bakin hanya don babu mai saye. Saƙon da ya haɗo da shi gajere ne: a ce wa Raliya ta san abin yi.

Ta kuwa sani. A gidansu ba a barin abin gona ya ruɓe. Tun tana 'yar shekara bakwai Ummanta ta koya mata raba tumatur gida biyu, a jera shi cikinsa na kallon rana, a barbaɗa gishiri kaɗan, a lulluɓe da tsohon gidan sauro, bayan kwana biyar ya zama kauɗa mai ƙamshi da za ta kai gida har ƙarshen damina.

Watanta huɗu ke nan a gidan su Abdulmalik a Illela. Auren so ne suka yi. Sayen albasa ya je gonar mahaifinta, ya dawo da albasar ya baro zuciyarsa can, shekara biyu yana zarya a kan mashin kafin a ɗaura. Yanzu fataucin ya tsaya cak, miyar gidan ma ta fara tsinkewa. Ta yaya za ta zura ido wannan arziki ya lalace?

Matsalar wurin shanya ce. Wata ƙatuwar darbejiya ta rufe tsakar gidan da inuwa, ga awaki ga kaji. Wuri ɗaya ne rana ke bugawa sosai, saman soron Inna Zubaida, surukarta. Ƙofar matakalar kullum a kulle take. Sau ɗaya ta taɓa tambayar mijinta, ya ce makullin ya ɓace, ya yi sauri ya kawo wani zance.

Ranar Lahadi ce, Abdulmalik yana kasuwa, Inna ta tafi suna maƙwabta. Raliya ta ɗan ja kwaɗon don ta gwada, sai ga shi a hannunta, tsatsa ta riga ta cinye shi.

Tana kaiwa sama ta tsaya. Akwai wata tsohuwar tabarma a shimfiɗe, rana ta cinye ta har ta yi fari, duwatsu huɗu na danne da kusurwoyinta. Ga faranti a kife, ga wuƙa da bakinta ya yi ja. A gefen gabas kuwa katangar da ta kewaye rufin ta gutsure, kamar an ɓantari tuwo. Ana tsananin zafin bazara, amma sai ta ji tsigar jikinta ta tashi, kamar wani na tsaye a bayanta yana jiran ta matsa. Ta waiga. Babu kowa sai rana.

Ta yi a'uziyya, ta share wurin, ta shimfiɗa buhuna masu tsabta. Sawu takwas ta yi tana hawa da kaya. Kafin azahar rufin ya yi jajawur.

Tana sunkuye tana gyara layin ƙarshe, kusa da wurin da ya gutsure, ta ji wata irin ƙara daga ƙasa wadda ba ta taɓa jin ɗan Adam ya yi ba.

"Na'ima! Na'ima, sauko! Na fasa, ki sauko!"

Ta leƙa. Inna ce tsaye a tsakar gida, gyalenta a ƙasa, hannuwanta biyu a sama kamar mai shirin cafe wani abu. Idonsu ya haɗu. Sai tsohuwar ta sulale ta faɗi.

Kafin la'asar gidan ya cika. An kai Inna asibiti an dawo da ita, an ce jininta ne ya hau. Yaya Mukhtari, wan Abdulmalik, ya tsaya a tsakar gida ya nuna Raliya da yatsa.

"Wa ya ba ki izni? Ƙohwar da anka kulle shekara bakwai, ke daga zuwa ki ɓalle ta? Kashe muna uwa kinka zo yi?"

"Wallahi Yaya ban sani ba, kwaɗon ne ya..."

"Ruhe mini baki!"

Abdulmalik ya ja ta ɗaki. Ya zauna a bakin gado, kansa cikin tafukansa, ya fara magana.

"Ƙanwata ce Na'ima. Autarmu. Shekarunta goma sha huɗu. Hadarin hwarko ya taso da iska, ta hau kwashe shanyar barkono, iska ta kwashe ta da tabarmar hannunta. Nan gaban Inna ta hwaɗo. Ko asibiti ba a kai ba."

Raliya ta dafe ƙirji. "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Yaya Abdul, don mi ba ka hwaɗa mini ba? Shekara biyu kana zuwa zance, wata huɗu ina gidan ga!"

"An hana ambaton ta. Tun ranar Inna ba ta ƙara kiran sunanta ba, ba a ƙara shanya ko zogale a gidan ga ba. Na so in hwaɗa miki, kullum in na buɗe baki sai ya ƙi hitowa. Laihina ne, Raliya. Ki yi haƙuri."

A zaure aka yi ta ta ƙare. Raliya na jiyo muryar Mukhtari yana cewa a ba ta takardarta yau ɗin nan, yarinyar da ta shigo da ƙafar hagu ba ta zama musu a gida. Ta ji mijinta ya ce, a hankali amma ba rawar murya, "Yaya, ka yi mini duk hukuncin da kake so, amma ba ni rubuta komi." Daga ƙarshe dattawan unguwa suka yanke cewa ta koma Tozai har Inna ta samu sauƙi. Ta fita da jaka ɗaya tana kuka, ba a bar ta ko ta leƙa ɗakin mara lafiyar ba.

A Tozai aiki ne ya tarbe ta. Ita da Umma suka yi ta yanka: tumatur da tattasai a rana, kuɓewa a yanka ƙwaya-ƙwaya, zogale a inuwar rumfa don kada korensa ya gudu, ganyen albasa a daka a dunƙula gabu. Da mangwaro ya shigo suka fere shi sirara-sirara suka jera a faifai. Hannunta na aiki, amma hankalinta na can saman soro. Da rana ta take, duk lokacin da ta sunkuya kan shanya, sai ta ji kiran nan a kunnenta sarai: Na'ima, sauko! Ta zabura ta waiga, ba kowa. Yarinyar da ba ta taɓa gani ba, ko a hoto, ta zame mata kamar inuwa. Wani lokaci sai ta ga kamar ƙarshen zane ya gifta ta bayan rumbu. Ta rame, idonta ya faɗa. Matan ƙauye suka fara raɗa cewa ta kwaso iska a gidan miji.

Duk Juma'a Abdulmalik na zuwa bayan masallaci. A zuwansa na huɗu ya zauna a kan turmi, ya ƙi shan furar da ta dama.

"Inna ba ta magana. Tana cin loma biyu ta kau da kai. Wuni take zaune tana kallon matakala, ko da Yaya ya sa an toshe ƙohwar da katako. Shi kuma ya ce in na maido ki, ba ni ba shi." Ya share fuska da hula. "Na gaji da tashin hankalin ga, Raliya. Na samu ɗaki biyu a bayan tasha. Ki shirya kayanki, mu tare can abinmu."

Abin da take mafarki ke nan kullum, ita da shi, ba tsawa, ba matakala. Ta juya zoben hannunta.

"In raba ka da Inna tana kwance? Ni na tada mata ciwo, in kuma ɗauke mata ɗa?" Hawaye suka zubo mata. "A'a. Ko shekara ce ina jira. Amma ba ni shiga ɗakin da anka gina bisa hawayen uwa."

Ya kalle ta, ya miƙe. Da zai hau mashin ta ga kafaɗunsa na girgiza.

Bayan mako guda, da la'asar sakaliya, gabas ta haɗe baƙi ƙirin. Iska ta taso. Daga madafa Umma ta ƙwala mata kira, "Raliya! Tashi maza ki kwashe shanya, ko sai na taso miki?" Suka yi ta gudu da faifai da tabarmi, suka tsira da kayansu da ƙyar. Ruwa na sauka, Raliya ta tsaya a bakin ƙofa tana kallo. A irin wannan yammacin Na'ima ta tafi. Can Illela kuma akwai tsohuwar da ke jin rugugin nan ita kaɗai.

"Umma, gobe zan je in gaishe ta. Ko kora ta za su yi."

Umma ta ce, "Ki tahi. Kada ki kare kanki, kada ki riƙa komi a hannu. Ki durƙusa kawai."

Da hantsi ta isa. Mazan sun fita. Inna na zaune a kan tabarma a ƙofar ɗakinta, ta koma kamar rabinta, idonta a kan katakan da aka buga. Raliya ta cire takalmi tun daga nesa, ta durƙusa.

"Inna, ina kwana. Na zo neman gahwara."

Kaza ta wuce tsakaninsu. Har gwiwoyinta suka fara ciwo, sannan tsohuwar ta yi magana, muryarta a dushe.

"Mi kinka gani a sama?"

"Tabarma, Inna. Da hwaranti, da wuƙa."

"Wuƙar mai ƙotar ƙaho?"

"Ita ce."

Inna ta gyaɗa kai a hankali. "Tata ce. Ubanta ya sawo mata a Ƙonni." Ta juyo ta dubi Raliya. "Kowa cewa yake ita ta hau don kanta. Ba haka ba ne. Tana kwance kanta na ciwo. Na kira ta sau biyu, ta ce Inna iska ta yi yawa, tsoro nike ji. Na ce in ba ta tashi ba sai na ci mutuncinta. Kan barkono, ɗiyata. Barkonon da bai cika kwano uku ba. Ni na tura ta. Shekara bakwai ban hwaɗa wa kowa ba, ko ubansu har ya rasu bai sani ba. Da na gan ki a can, sai na ce an maido mini ita ne in janye maganata."

Raliya ta matso da gwiwa, ta kama hannuwan nan masu sanyi.

"Inna, jiya-jiyan nan da hadari ya taso Ummata ta daka mini tsawa irin wagga. Kowace uwa a ƙasar ga ta taɓa cewa ɗiyarta tashi ki kwashe shanya. Da kin san abin da ke tahe, wallahi da ke za ki hau. Kwananta ne ya ƙare. Allah shina ganin zuciyarki, ya san ba ki tura ta don ta mutu ba."

Sai Inna ta fashe. Kuka ne na shekara bakwai, mai fitowa tun daga ciki, har maƙwabta suka leƙo ta katanga. Ta rungume Raliya tana kiran sunan da aka hana kira, tana maimaitawa, Raliya na kuka tare da ita.

A haka Mukhtari da Abdulmalik suka same su. Mukhtari ya buɗe baki zai yi faɗa, Inna ta ɗaga masa hannu. Ba ta faɗin sunansa, ɗan fari ne.

"Babba, zauna. Yarinyar ga ba ta yi laihi ba. Mu munka ɓoye mata rami, ta hwaɗa, munka hau ta da duka." Ta kwashe labarin duka ta faɗa musu, ba ta rage komai ba. Mukhtari, wanda shi ya ɗauki gawar ƙanwarsa a ranar, ya juya fuskarsa ga bango yana sheshsheƙa. Da ya natsu ya zo gaban Raliya.

"Ƙanwata, na zalunce ki. Ki yahe mini."

"Ba komi, Yaya. Allah ya yahe muna baki ɗaya."

Ranar ba ta koma Tozai ba. Abdulmalik ya je ya kwaso kayanta, da buhu biyu na kauɗa da gabu da Umma ta ce a kai wa Inna. Cikin makon aka kira magini ya ɗaga katangar rufin har ƙirji. Aka sare reshe biyu na darbejiya, kafinta ya haɗa gadajen shanya masu raga a tsakar gida, inda akuya ba ta kaiwa. Da kuɓewar damina ta shigo, Inna da kanta ta ɗauki wuƙa. Ashe gwana ce, yankanta siriri kamar kwabo.

"Na'ima kam ba a ba ta shanyar mangwaro," in ji ta wata rana, tana yanka tana murmushi da ido jiƙe. "Kahin ya bushe ta cinye rabi, ta ce tsuntsaye ne. Allah ya jiƙanki, auta."

"Amin, Inna."

Har yanzu, in rana ta take gidan ya yi tsit, Raliya kan ji kamar ana kira daga nesa. Ba ta zabura kuma. Takan yi wa yarinyar addu'a ta ci gaba da aikinta.

Da ta bi mijinta bayan tasha a ranar da ya roƙe ta, da ta samu ɗakinta, amma da Inna ta tafi kabari da nauyin da ba nata ba, da 'yan'uwa biyu sun rabu har abada. Haƙurinta ne ya tsare gida guda. Ku kuma masu ɗauko 'yar mutane ku kawo cikinku, ku faɗa mata inda ciwon gidan yake tun kafin ta taka shi, don wanda bai sani ba ba a kama shi da laifi.