Filin Sauka a Gonar Zogale

"Tahira, wannan ke ce ko ba ke ba ce?"

Baba ya miƙo mini wayarsa, fuskar nan a murtuke.

Ni ce mana... Ga ni tsakiyar gonar zogale a Jiratawa ina ƙyalƙyala dariya, ga Hamidu a gefena riƙe da ɗan jirgina.

Aikin Nasiba ne, ɗiyar kawuna. Tun ranar da ta raka ni gonar, Hamidu ya gaishe ta bai ƙara kallonta ba, ta ƙullace ni. Ita ta ɗauki hoton ta watsa wa dangi.

Tun ina 'yar lakwal, wato makarantar boko, nake mafarkin tuƙa jirgin sama, ƙarami, nawa na kaina. Kafin Allah ya kawo shi, na haɗa na wasa da farin soson da ake ƙunshe firji a shagon Baba. Duk Lahadi sai in hau kabu-kabu in fita bayan gari in tashe shi. Wata rana iska ta kwashe shi ta maka a gonar Hamidu, fiffike ya karye. Na zata zai yi faɗa. Sai ya fere karan dawa ya ɗora masa, kamar yadda yara ke haɗa motar kara, jirgin kuwa ya tashi. A ranar na kamu da sonsa, ban ma tsaya jan aji ba.

"Ɗiyar Alhaji Idirisa guda tana bin gonaki da abin wasan yara," in ji Baba. "Ki ce mai ya zaka gobe. In bai yi alkawarin raba ki da wanga shirme ba, ke da shi har abada."

Na shige ɗaki na kira shi.

"Masoyi, don Allah ka ce mai za ka hana ni. Faɗi kawai, in anka ɗaura aure sai mu san yadda za mu yi..."

"Tauraruwata, ba ni yi ma Alhaji ƙarya."

"Za ka rasa ni fa."

"Ki bar ni da shi."

Haushi ya kama ni. Mutum ana nuna masa hanya yana taurin kai!

Washegari da hantsi ya zo, na laɓe bayan ƙofar falo.

"In na ba ka ita, za ka raba ta da zancen jirgi?"

"A'a, Alhaji."

Kafin Baba ya yanke hukunci, Hamidu ya ci gaba.

"Amma ina roƙon arziki, ka taho ka ga wani abu a gonata."

Baba ɗan kasuwa ne, ba ya yanke magana a kan abin da bai gani ba. Muka shiga mota, ni da Hajiya, mahaifiyata, muna baya, har Jiratawa.

Da muka isa, ni ma sai na tsaya turus. An tuge zogale layi uku daga wannan bakin gonar zuwa wancan, an baje ƙasar, an daɓe ta sumul.

"Mi ya samu shukar nan?" Baba ya tambaya.

"Ni na tuge ta, tun satin da ya wuce. Jirginta ba shi da wurin sauka, kullum sai ya karye. Tsawon hilin taku ɗari ne, na ƙaramin jirgin ne. Ranar da ta koyi tuƙi ta samu na gaske, gonar geronmu ta tudu na nan tana jira."

A Tibiri Baba ya tashi, da fartanya a hannu. Ya san darajar ƙasar ban-ruwa a Jiratawa, inda kunyar shuka guda kan raba 'yan'uwa. Ya tattare babbar rigarsa ya taka filin har ƙarshe, ya dawo yana haki.

"Ɗari da huɗu ne," ya ce.

Ya juya wajen Hajiya, yana danne dariya.

"Na zata mahaukaciya ɗaya gare ni, ashe akwai wanda ya hi ta. Wa zai kwashe su in ba junansu ba?"

Hawaye suka zubo mini, farin ciki kamar in yi tsalle.

"Hamidu, turo magabatanka ran Juma'a."

"Na gode, Alhaji. Allah shi ƙara girma."

Baba ya nufi mota, har ya buɗe ƙofa sai ya waiwayo.

"Kuma kada ka sake shuka komi a wurin nan."