Kiran Gada

Masaukin yana bakin kogin Dja, tafiyar yini guda a kwalekwale daga inda hanyar mota ta ƙare. Bukkoki shida ne a kan dirkokin katako, rufin tukurwa, sai ɗakin girki da aka rufa da kwano saboda wuta. Wata Baturiya ce ta gina shi domin baƙi masu zuwa kallon kurmi. Dokarta guda ce: ba a kashe komai a wurin, ko maciji ne sai dai a kore shi da sanda. Ni ke kai musu baƙi da gishiri da sabulu. Shekarata talatin a kan wannan kogi, abin da na gani kawai zan faɗa.

Mai kula da wurin sunansa Mpomo. Matarsa Odile ce ke girki, 'yarsu Sidonie, mai shekara goma sha bakwai, ita ke gyara ɗakunan baƙi. Da can Mpomo maharbi ne, kuma ya iya kiran gada. Yakan tsuguna bayan saiwar bishiya, ya toshe hanci da yatsu biyu, ya yi kukan ɗan gadar da tarko ya kama. Sai uwa ta fito a guje. A da, nan ake harbe ta. Da ya ajiye bindiga ya kama aikin masauki, sai kiran ya zama abin nuna wa baƙi. Gada ta fito, su ɗauki hoto, ta tsaya tana kyarma tana neman ɗan da babu shi, sannan ta koma. Shekara shida ana haka. Odile takan ce masa, "Baban Sidonie, rufe hancin nan da kyau, in mura ta kama shi yunwa ce za ta kashe mu."

Wata yamma cikin damina, baƙi huɗu suna zaune a rumfa suna jiran abinci. Odile na dakan ganyen rogo, Sidonie na ɓare agade. Rana ta faɗa bayan itatuwa, kwaɗi da gyare suka fara kamar kullum. Can sai suka yi tsit gaba ɗaya, kamar an rufe tukunya. Wani abu ya faɗo kan kwanon ɗakin girki, ya gangaro ƙasa. Wani ya biyo baya. Odile ta ce birai ne. Mpomo ya duƙa ya ɗauko, sai ga kwanson harsashi ja, da ɗuminsa, a wurin da bindiga ba ta shiga ba shekara shida. Ya cusa shi a aljihu kada baƙi su gani.

Washegari da magariba guda tara suka faɗo. A rana ta uku Sidonie ta ajiye wuƙa, ta ɗaga kai, ta juya kunne wajen kurmi kamar an ambaci sunanta. Sai kuka ya fito ta hancinta, irin kukan da ubanta ke yi, ba tare da ta sa hannu a fuska ba. Baƙi suka tafa, sun zaci wasa ne. Odile ta saki taɓarya.

Daga ranar ba ta ƙara cin abin da wuta ta taɓa ba, sai 'ya'yan itacen da suka faɗo ƙasa. Ba ta magana. In an motsa kujera sai ta zabura ta shige ƙarƙashin bukka. Na ɗauke ta da iyayenta zuwa asibitin gari, aka duba jininta aka ce lafiya lau. Malamin coci ya zo ya yayyafa ruwa, ya yi addu'a kwana biyu, ya koma da kwanson harsashi cikin jakar littafinsa, bai san yadda ya shiga ba.

Sai Mpomo ya haɗiye girman kai ya tafi zangon Baka, mutanen kurmi, wajen tsoho Mongemba. Shi ne ya koya masa kiran tun yana saurayi, kuma babu wanda ya fi shi sanin mazauna kurmin da ido ba ya gani. Tsohon ya iso da la'asar, guntun mutum, ba takalmi. Ya dubi bukkokin, ya dubi Mpomo sama da ƙasa, ya ce, "Ka yi ƙiba, ɗana. Hoto ne ke sa ƙiba haka?" Ba wanda ya yi dariya.

Ya sa aka kai baƙi yawo a kogi. Ya hura wuta a tsakar fili, ya zuba ɓawon wata bishiya, ya zaunar da yarinyar inda hayaƙi ke bi. Ya daɗe yana kallon garwashi. Da inuwa ta rufe filin, kurmi ya sake yin tsit, sai ya ɗaga kai.

"Kaka, sannu da zuwa. Wace ce a jikin yarinyar nan?"

Sidonie ta miƙe zaune. Muryar da ta fito ta tsohuwa ce, ta hanci, a hankali. Ta ce ita ce mai garken. Duk gadar da ke tsakanin kogi da tsaunin gabas ita ke kiwonta tun kafin a haifi kakan Mongemba. Ta ce ba ta taɓa faɗa da maharba ba. Mai yunwa ya kira, ta saki guda, ya kashe, ya bar mata hanta a gindin bishiya, kowa ya san matsayinsa. Garke ma ya san kiran yana da mutuwa a bayansa, sai wadda kwananta ya ƙare take amsawa.

"Wannan kuwa ya kira sau ɗari huɗu da goma sha ɗaya. Sau ɗari huɗu da goma sha ɗaya na ji ɗana na kuka, na saki uwa, ta je ta tarar da ƙarya."

Mpomo ya durƙusa, ya ce bai kashe ko ɗaya ba, duk ya bar su sun koma.

"Sun koma. Sun koya wa 'ya'yansu cewa kira ba ya kisa. Sai masu bindigar hayin kogi suka zo da kira irin naka, garkena ya riƙa fita yana gudu zuwa bakin bindiga. Kwansunan da na jefo maka, a kan gawarwakinsu na tsinto."

Mongemba ya yi tayin akuya, ta ƙi. Ya yi tayin zuma da hanta bakwai, ta ce ba yunwa ta kawo ta ba. Mpomo ya ce a ɗauke shi a bar yarinyar, ta ce ai shi ma ba ita ya kira ba, 'ya'yanta ya kira. Tsohon ya daɗe yana lallashi, gumi na zuba a haɓarsa, har ta yarda ta fita daga jikin, amma da sharaɗi. Kowace magariba za ta kira Sidonie. Yarinyar za ta je, za ta dawo kafin duhu, har sau ɗari huɗu da goma sha ɗaya. Kwanan da aka yi da ita nesa da kurmi ba ya cikin lissafi. In kuwa Mpomo ya ƙara toshe hanci ya yi kira ko sau ɗaya, a koma farko.

Mongemba ya ce, "Rantse mini ba za ki taɓa ta ba, Kaka."

"Ba zan taɓa ta ba. Shi ma ai bai taɓa nawa ba."

Yarinyar ta yi atishawa sau uku, ta faɗi gefe. Da ta farfaɗo ta ce, "Mama, yunwa nake ji." Odile ta rungume ta tana kuka. Mongemba bai karɓi ko taba ba. Da zai tafi ya gaya wa Mpomo cewa kiran rabi biyu ne, farkonsa kuka, ƙarshensa kisa, shi Mpomo kuwa rabin farko ya ɗauka ya sayar.

Mpomo ya samo igiya ya yi mata ƙulli ɗari huɗu da goma sha ɗaya. Kowace magariba Sidonie takan ajiye abin da ke hannunta, ko da tana tsakiyar magana, ta shige kurmi. Uwa da uba su tsaya a bakin fili. Ta dawo da ƙaya a ƙafa, ba ta san inda ta je ba. Shi kuma ya kwance ƙulli ɗaya. Baƙi suka yi ta neman a kira musu gada, ya ce hancinsa ya lalace, Baturiya ta mayar da shi ɗaukar jakunkuna. Bai yi gardama ba.

Saura ƙulli tara, wata rana da hantsi ina sauke kaya a bakin ruwa, Sidonie na shanya zannuwan gado, muka ji kira daga cikin kurmi. Ba na tsohuwar ba ne. Na mutum ne, har ana jin inda yake jan numfashi. Mpomo ya gane kafin kowa cewa mai bindigar hayin kogi ne. Zani ya faɗi daga hannun yarinyar, ta juya kunne, ta zura a guje. Odile ta damƙo rigarta, rigar ta yage. Cikin ƙiftawar ido ganye ya rufe bayanta, kuma wanda ke can yana jira da bindiga, motsin ganye zai harba.

Ba mai iya cim mata a wannan sarƙaƙiya. Mpomo ya dubi igiyar da ke rataye a wuyansa. Sannan ya tsuguna, ya toshe hanci, ya yi kira mafi ƙarfi da na taɓa ji.

Ganye ya daina motsi. Jim kaɗan ta fito, ta tsaya a bakin fili tana kyarma, tana dube-dube, tana neman ɗan da babu shi.

Da yammar nan ya zauna a bakin ɗakin girki yana mayar da ƙulli ɗaya bayan ɗaya. Odile ta zauna kusa da shi tana riƙe masa bakin igiyar.

Masu bindigar hayin kogi suna nan, ba su fasa shigowa ba. Watan jiya na kai baƙi biyar, na tarar da Mpomo a wurin nan dai, igiya a cinya. Na tambaye shi saura nawa. Bai ɗaga kai ba. Odile ce ta ce mini wannan ne karo na uku da suka koma farko.