Wayar Kawu Jatau a Wuyan Tsamiya

Ku matso. Ke Talatu, rage fitilar nan. Wanda ya san yana fitsarin kwance ya tashi tun yanzu.

Kun san Kawu Jatau, wanda muryarsa ke shuuu kamar rediyo ya rasa tasha? Ba haka aka haife shi ba.

Da ya bar aiki, sai ya sayo wata na'ura irin oba-oba, babba, wai yana hira da mutanen ƙasashen da ko sunansu ba mu iya faɗa. Na'urar tana son eriya doguwa. Ya ja waya daga rufin ɗakinsa har tsamiyar bayan gari, ya naɗe ta a wuyan bishiyar, ya murɗe da filaya. Shekara uku tana nan, har ta nutse cikin ɓawo.

Sai waya ta fara tsinkewa. Ya ɗaura, ta tsinke. Ya zagi makiyaya. Ya zagi masu jaki. Matarsa Goggo Tabawa ta ce ko iska ce ke kaɗa bishiyar, ya ce ta tsaya a kan tukunyarta. Ran nan ya ɗauki gora, da tsakar rana, shi kaɗai, wai zai kama ɓarawo.

Ba tsuntsu. Ba iska. Amma ganyen tsamiya yana motsi.

A gindinta wata tsohuwa na zaune. Bai yi sallama ba. Ya tambaye ta ko ita ke yanke masa waya. Ta ɗago. A wuyanta akwai wani zobe na miki, ɗanye, ya zagaye. Ƙafafunta kuwa sun shige ƙasa har idon sawu, kuma ƙasar ba ta fashe ba.

"Ni ce," in ji ta. Bakinta bai buɗe ba. Daga sama maganar ta fito, daga kan wayar.

Mai hankali da ya gudu. Kawunku ya gyara tsayuwa, ya fara yi mata lissafin tsawon wayarsa.

"Rufe min baki, ɗan yau," ta ce. "Shekara uku ka shaƙe ni. Ban iya juyawa. Ka tara min surutun duniya a ɗaki, wannan ya ce oba, wancan ya ce oba, jikokina ba barci. Ko sallama ka taɓa yi?"

Ya ce bishiya ai ta gari ce. Wannan ita ce maganarsa ta ƙarshe. Ya ji wani abu ya zare daga maƙoshinsa kamar zare, abin ya bi waya ya tafi.

Ya iso gida ba gora, ba takalmi ɗaya. Yana buɗe baki, shiru. Can cikin ɗaki sai na'ura ta kama faɗa da muryarsa, tana kiran Tabawa. In an kashe ta, Kawu ya zama bebe. Goggo ta gane haka tun ranar farko. Kwana bakwai, sai lokacin da ta ga dama take kunna mijinta.

Ran na takwas ya koma, wannan karon da Goggo da ƙwaryar nono. Ya durƙusa. Ya kwance wayar a hankali, ya shafa taɓo a kan mikin. Ya shimfiɗa robar taya a kan reshe, ya ratsa igiya mai laushi ta kan robar, ya ɗaura waya a wannan baki, bokitin yashi a wancan. In bishiya ta kaɗa, bokiti ya hau ya sauka, ba abin da ke shaƙe ta.

Muryar ta dawo kafin ya kai gida. Amma tsohuwa ta riƙe rabi, ta cike masa da shuuu.

Bokitin yana nan. In kun gan shi yana hawa da sauka ba iska, tsohuwar ce ke miƙa. Kada ɗayanku ya bi hanyar nan shi kaɗai. In dole ce, ku yi sallama, ku yi ƙasa da murya. Ta gaji da surutu.